Hayaƙin tashoshin jiragen ruwa da mu ƴan Maraɗi: tambayoyi da amsoshi

Na daɗe ina fitar wa alhazan garin nan kaya daga tashoshin bakin teku, kuma na kwana a bakin ƙofofinsu tare da direbobinmu fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Tun da na fara maganar hayaƙin da ake shaƙa a can, ake tare ni da tambayoyi a gareji, a ƙofar shago, har a fadar samari wajen shan shayi. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa, na amsa su a nan.

Malam, mu da ba mu da teku, ina ruwanmu da hayaƙin jirgin ruwa?

Shiga babbar kasuwa ka duba. Shinkafa, sukari, taliya, man girki, atamfa, gwanjo, babura, kayan gyaran mota, mafi yawansu sai da suka hau ruwa kafin su hau titi. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nauyin kayan da duniya ke fatauci a teku ake ɗaukar su, mu kuma da ƙasa ta kewaye, kayanmu a Kwatano, Lome, Tema, Abijan ko Legas suke sauka. Duk kwantenar da aka buɗe a Maraɗi ta bar hayaƙi a baya: na jirgin da ya kawo ta, na injin da ya ɗaga ta, da na motar da ta jawo ta.

Sannan su wa ke shaƙar hayaƙin? Leburorin tasha, matan da ke sayar da abinci a bakin ƙofa, mazauna unguwannin kewaye, da yaranmu. Direba da karen motarsa da suka bar Maraɗi lafiya, su ne ke shimfiɗa tabarma ƙarƙashin tirela kwana da kwanaki. Ɗan wani ne, mijin wata ne, kuma nan gida yake dawowa da tarin.

To me ke fitar da hayaƙin, tunda jirgin a tsaye yake?

Jirgi idan ya daidaita a gaɓa yana kashe babban injinsa, amma ƙananan injuna na ba da wuta ba sa tsayawa dare da rana. Su ke riƙe fitilu, famfuna, ɗakunan ma'aikata da kwantenonin sanyi masu kifi da nama. Akwai kuma tukunyar da ke ɗumama mai. Waɗanda ke jiran layi a bakin teku su ma haka suke ƙona mai, iska tana kaɗo hayaƙin cikin gari.

A kan tudu akwai injunan ɗaga kwantena masu tayoyi, da motocin da ke jan kaya tsakanin jirgi da fili, da ƙananan jirage masu tura manya, galibinsu da gazuwal suke aiki. Daga ƙarshe sai gingimari ɗaruruwa da ke layi a waje.

Hayaƙin da ke sa tari da wanda ake cewa yana ɗumama duniya, abu ɗaya ne?

Daga bututu ɗaya suke fitowa, amma ɓarnarsu ta bambanta.

Na farko shi ne wanda ke cin ƙirji: kunkunniya mai laushi da ido ba ya gani, da iskar farar wuta, da wata iska mai yaji da injin gazuwal ke fitarwa idan ya ɗau zafi. Ƙurar hunturu mun san ta, hanci da maƙogwaro suna tare wani kaso nata. Wannan kunkunniyar ta fi ta ƙanƙanta, tana wucewa har can cikin huhu, wata ma ta shiga jini. Tana tayar da fuka, tana jawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gazuwal cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a 2019.

Na biyu iskar kabon ce. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa ka tari. Sama take taruwa ta riƙe zafin rana, kuma ba ruwanta da iyakar ƙasa. Duk litar gazuwal da aka ƙona tana sakin kusan kilo 2.7 nata, tan guda na baƙin man jirgi kuma ya ɗan haura tan 3. Jiragen ruwa gaba ɗaya suna da kusan kashi 3 cikin 100 na abin da duniya ke saki. Iska mai zafi ta fi ɗaukar ruwa, shi ya sa idan ya zo yake zubowa lokaci guda. Wanda ya ga daminar 2024 a Maraɗi, da gidajen ƙasar da suka rufta a kan masu su, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan abin da irin wannan ruwa ke yi.

Me ya sa ake cewa man jirgi ya fi na mota muni?

Saboda ragowa ne. Idan matatar mai ta cire esansi, kananzir da gazuwal, abin da ya rage a gindi baƙi ne, mai kauri kamar kwalta, sai an ɗumama shi yake gudu. Da shi manyan jirage suka daɗe suna tafiya don arharsa. Kafin 2020 doka ta yarda a sami farar wuta har kashi 3.5 cikin 100 a cikinsa. Daga 1 ga Janairu 2020, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin teku, IMO, wadda ke da mazauni a Landan, ta sauko da shi zuwa kashi 0.5. Ci gaba ne babba. Duk da haka ya ninka abin da ake yarda da shi a gazuwal ɗin motocin Turai sau 500.

Akwai yankunan teku da aka ƙara tsaurara wa doka zuwa kashi 0.1: gaɓar Amurka da Kanada, tekun arewacin Turai, sai Bahar Rum daga Mayun 2025. Gaɓar Afirka ta Yamma ba ta ciki. Ma'ana jirgi zai iya ƙona mai mai tsabta a bakin Faransa, ya koma wa mai rahusa kafin ya iso wajenmu, bai karya doka ba. Wannan abu yana ci mini rai. Huhun lebura a Lome da na lebura a Marseyi ta Faransa halitta ɗaya ce, kuma ƙasashen gaɓar nan suna da damar haɗa kai su nemi a sa tekunsu cikin wannan tsari, kamar yadda na Bahar Rum suka yi.

Mun ji wai ana jona wa jirgi lantarki. Yaya abin yake?

Kamar yadda mai shago ke kashe injin wutarsa idan NIGELEC ta kawo wuta. Ana jawo babbar waya daga gaɓa a jona wa jirgi, sai ya kashe ƙananan injunansa. Hayaƙi da ƙara su ɗauke daga bakin tasha. Birnin Gotenbag na Suwidin ya fara da lantarki mai ƙarfi a 2000, tashar Los Anjalis ta fara jona wa jiragen kwantena a 2004, Tarayyar Turai kuma ta wajabta shi ga jiragen kwantena da na fasinja a manyan tashoshinta daga 2030.

Sai dai yana da sharuɗɗa. Babban jirgi guda yana iya shan wutar da ta ishi unguwanni. Jirage da yawa saurin bugun wutarsu 60 ne a daƙiƙa, na ƙasashenmu 50, don haka sai an sayi na'urar da ke daidaita su, kuma tana da tsada. Abu na uku, daga ina wutar ta fito? Idan tashar da ke ba da ita ma baƙin mai take ƙonawa, an dai kawar da hayaƙin daga hancin leburori, wanda alheri ne, amma kabon bai ragu sosai ba. Mu da muka san yadda wuta ke yi mana a watannin bazara, mun san ba za a fara da wannan ba a garin da asibiti ke kwana da duhu. Inda ya fi sauƙi shi ne injunan cikin tasha. Sabuwar tashar kwantena ta biyu ta Abijan, da aka buɗe a ƙarshen 2022, da injunan ɗaga kaya da motocin ja masu lantarki take aiki.

Akwai inda aka gwada aka ga amfani, ko magana ce ta taro?

Akwai. Tashoshin Los Anjalis da Lon Bic a Amurka maƙwabtan juna ne, mazauna kewayensu kuma galibi masu ƙaramin ƙarfi ne da fuka ta addabi ƴaƴansu. Mutanen suka matsa, har da zuwa kotu. A 2006 tashoshin biyu suka fitar da shirin tsabtace iska, a 2008 suka hana motocin da aka ƙera kafin 1989 shiga, suna ɗaga sharaɗin a hankali, tare da tallafin sayen sababbi. Suka kuma nemi jirage su rage gudu idan sun kusato gaɓa. Kunkunniyar gazuwal a can ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a kan ta 2005, alhali kayan da ke wucewa ƙaruwa suka yi. Kabon bai ragu kamar haka ba, domin tace hayaƙi ya fi daina ƙona mai sauƙi.

A tashoshin da muke hulɗa da su, mene ne ya fi kawo hayaƙi?

A abin da idona ya gani, jira ne.

Na taɓa yin kwana tara a ƙofar wata tasha da motoci biyu na wani alhaji, saboda takarda guda da aka rubuta lambar kwantena ba daidai ba. Layin ya kai inda ido ba ya gani. Ba wanda ke yarda ya kashe mota, domin layi yana motsawa taku goma ya tsaya, idan ka yi jinkirin tayarwa wani ya shige gabanka. Wasu batirinsu ya mutu, sun san idan suka kashe sai an tura. Wasu iskar birki suke tarawa. Da asuba idan ka yi alwala ka fyace hanci, baƙi ne ke fita. Yaron motarmu, ɗan shekara goma sha tara, tun kwana na huɗu yake tari, muka dawo gida bai daina ba har bayan sallar layya. A cikin kwanakin nan tara ko taku ɗaya kayan ba su yi zuwa Maraɗi ba, mai kuwa yana ƙonewa.

Jirgin ma haka yake yi. Ya taso daga Sin da gudu, ya iso ya tarar babu wuri, ya jefa anga ya yi kwanaki. Da an gaya masa ranar da wurinsa zai samu, da ya taho a hankali. Rage gudun jirgi da kashi 10 cikin 100 yana rage man tafiyar da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ba a sayi sabon inji ba, ba a canza mai ba, labari kawai aka isar a kan lokaci.

Shi ya sa nake ganin maganin farko a yankinmu na takarda ne da tsari. A gama da duwan ta intanet kafin jirgi ya iso. A ba kowace mota rana da sa'ar shigarta, ta jira a fili mai ruwa da makewayi nesa da gari, injinta a kashe. Legas ta fara irin wannan tsarin kira a Apapa a Fabrairun 2021, bayan shekarun da tireloli suka mayar da gadoji wurin kwana. A rage shingayen hanya inda ake tsayar da mota ba dalili. Duk wannan yana rage hayaƙi, yana rage kuɗin kwana da ake ɗora wa kwantena, yana rage farashin buhun shinkafa. Ban san wani gyara da mai kaya, direba da mai shaƙar iska duk suke cin riba a cikinsa kamar wannan ba.

Ni direba ne. Me ke hannuna?

Ɗan'uwa, abu da yawa. Mu yi lissafi. Daga Kwatano ta Gaya, Doso da Ƙonni zuwa Maraɗi kimanin kilomita 1,400 ne. Mu ce motarka da lodi tana shan lita 40 a kilomita 100. Lita 560 ke nan, kabon kusan tan ɗaya da rabi a zuwa kaɗai. Bayan rufe iyakar Benin a 2023, da kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina, tafiyar ta ƙara tsawo, man ma ya ƙaru.

Idan tsayuwa za ta wuce ƴan mintuna, kashe mota. Gyara batir da sitata don kada tsoron tayarwa ya hana ka. Baƙin hayaƙi mai ne da bai ƙone ba, wato kuɗinka ne ke fita ta salansa, don haka a duba nozul da matatar iska, musamman bayan hunturu. Taya mai ƙarancin iska tana shan mai. Lodin da ya wuce kima yana kashe inji da titi tare. In za ka kwana a layi, kada ka shimfiɗa kusa da salansar maƙwabcinka, kuma kada ka bar yaronka ya yi. Tarin da ya wuce mako biyu, a je likita, a daina haƙuri da shi.

Ai gazuwal ɗin kansa ba shi da kyau. Laifin direba ne?

A'a. Shekaru da yawa wasu ƙasashen yankin nan suna karɓar gazuwal mai farar wuta kashi 3,000 cikin miliyan ko fiye, alhali na Turai 10 ne. A Fabrairun 2020 ministocin CEDEAO suka amince da kashi 50 cikin miliyan ga man da ake shigowa da shi, da kuma iyakance shekarun motocin da ake sayowa. Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, amma motocinmu a gidajen man ƙasashen gaɓa suke sha, kuma babu abin da ya hana mu kafa wa kanmu ma'auni irin wannan. Muhimmancinsa shi ne, matatar hayaƙin da ke jikin sababbin motoci ba ta jure mai mai datti, toshewa take yi, makanike ya cire ta ya yar. Sai an gyara mai kafin sabuwar mota ta yi amfani.

Tsofaffin motoci ma ta waɗannan tashoshi suke shigo mana. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga ƙananan motoci na hannu miliyan 14 da Turai, Amurka da Japan suka fitar daga 2015 zuwa 2018, kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. Ba na cewa a hana talaka mota. A dai auna hayaƙinta a tasha kafin a sake ta.

Jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi zai taimaka?

Zai iya, ƙwarai. A Fabrairun 2021 aka aza harsashinsa, kilomita 284 ta Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil ke aikin. Jirgin ƙasa yana kai kaya da kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na man da mota za ta sha a tafiya guda, kuma yana kwashe kwantenoni daga gaɓa kai tsaye ba tare da layin ƙofa ba. Amfaninsa gare mu zai cika ne idan dogo mai faɗi ɗaya ya haɗe daga Apapa har Kano, kuma aka yi tashar tudu a nan inda duwan za ta buɗe kaya, irin ta Dala a Kano da ta Funtuwa.

Ina faɗin haka da taka-tsantsan, don mun ga dogon Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, da aka yi bikinsa a 2016 bai ɗauki kaya ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya tsorata. Direbobi kuma suna tambaya ta ko jirgin zai cinye abincinsu. Doguwar tafiya za ta ragu, gaskiya ne. Amma jirgi ba ya zuwa Dakwaro ko Mayahi, sai mota ta kai, kuma mai wannan aikin a gidansa zai riƙa kwana.

Sababbin man jirgi da ake magana fa?

Suna tafe a hankali. A 2023 kamfanin Maersk ya fito da jirgin kwantena na farko mai aiki da metanol. Wasu suna amfani da iskar gas da aka daskarar, wadda ta rage farar wuta da kunkunniya sosai, amma idan ta tsere ba ta ƙone ba ta fi kabon riƙe zafi. Ana gwajin amoniya, ita kuma guba ce idan ta zube. A Yulin 2023 ƙasashen IMO suka amince a kai ga daina ƙara kabon daga jirage wajen 2050.

Wa zai biya? Ba a kanmu zai ƙare ba?

Wani kaso a kanmu zai ƙare, ba zan ɓoye ba. Tun Janairun 2024 Tarayyar Turai ke karɓar kuɗin kabon daga manyan jirage, har da rabin hayaƙin tafiyar da ta fara ko ta ƙare a wajenta, kamfanoni kuma suna ƙara shi a takardar kuɗin dako. Wanda ya sayo kaya daga tashar Anbers ta Beljiyam ya riga ya fara biya. A Afrilun 2025 IMO ta tsara nata kuɗin na duniya baki ɗaya, a Oktoba kuma aka ɗage amincewa da shi da shekara guda bayan matsin lambar Amurka.

Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na kabon da duniya ke saki ba, ƙasa marar teku kuma ta riga ta fi kowa biyan kuɗin dako. Matsayina shi ne a karɓi kuɗin, domin hayaƙi kyauta shi ya kawo mu nan, amma a mayar da kaso mai tsoka ga ƙasashe irin tamu a gina dogo, wutar rana da tashoshin tudu. Hukumar CNUT da ke tsaya wa masu kayan Nijar a tashoshi, da ƙungiyar ƴan kasuwa, su ya kamata su riƙa ɗaga wannan murya, domin Nijar babbar mai ciniki ce ga tashoshin nan, kuma mai ciniki ana sauraron sa.

Alhaji mai shigo da kaya, shi me ake nema gare shi?

Alhaji, ranka ya daɗe, abu huɗu nake roƙo. Ka tura wa tiranzite, mai fitar maka da kaya daga tasha, takardu cikakku tun jirgi yana kan ruwa, a duba lambar kwantena da nauyi sau biyu. Kada ka aika mota gaɓa sai kaya sun fita daga hannun duwan. Ka nema mata lodin tafiya, albasa, wake, aya ko riɗi, don kada ta yi kilomita 1,400 wayam. Idan naka bai cika mota ba, ku haɗa da maƙwabcin shagonka. Kuma idan direba ya ce nozul na son gyara ko batir ya gaji, ka ba shi kuɗin kafin ya tashi, ka ƙara masa da na ganin likita shi da yaronsa sau ɗaya a shekara.